Neman Ciwo na Biyu a Bawul ɗin Zuciya

A ɓangaren hagu na zuciyar ɗan Adam akwai bawul guda biyu da ke maƙwabtaka ta ƙut da ƙut. Ɗaya sunansa maitral, shi ke tsaron ƙofar da jini ke bi daga ɗakin sama ya gangara ɗakin ƙasa bayan ya ɗebo iska a huhu. Ƙyamarensa biyu ne, na gaba da na baya, kuma an ɗaure bakin kowanne da siraran igiyoyi zuwa jikin bangon zuciya don kada ya kife baya idan jini ya tokare shi. Ɗayan shi ne bawul ɗin awota mai ƙyamare uku, wanda ke bakin awota, babbar jijiyar da ke raba jini ga jiki duka. Abin da ya raba su bai wuce wani siririn labulen nama ba, kuma a jikin labulen nan ne ƙyauren gaba na maitral yake rataye. In wannan ya buɗe wancan ya rufe, haka suke yi kusan sau 100,000 a kowace rana. Daga wannan maƙwabtaka wata matsala ke tasowa wadda ba kasafai ake gamuwa da ita ba, kuma gano ta da gyara ta aiki ne da ba ya yiwuwa a hannun mai gaggawa.

Cutar da ke haifar da ita ana kiranta endokadaitis, wato kamuwar shimfiɗar cikin zuciya da ƙwayoyin cuta. Ƙwayoyin kan shiga jini ta ruɓaɓɓen haƙori, ko maruru a fata, ko allura marar tsabta, ko robar ƙarin ruwa da ta daɗe a jijiya. Lafiyayyen bawul santsi gare shi, ba su cika samun wurin kamawa ba. Wanda ya riga ya yi tabo shi suka fi so, kuma a ƙasashenmu tabon da aka fi gani shi ne na zazzaɓin rumatik, wanda ke biyo bayan ciwon maƙogwaron yara da ba a yi wa magani ba. Da sun sauka sai gudajin jini ya lulluɓe su, su yi ta hayayyafa a ƙarƙashinsa inda garkuwar jiki ba ta kaiwa sosai. Wannan curi shi likitoci ke kira tsiro. William Osler ya yi wa likitocin Landan cikakken bayanin cutar a laccocinsa na 1885, amma bayani kawai ya iya yi, domin kafin zuwan penisilin kusan duk wanda ya kamu sai ya mutu. Ko a zamaninmu ba a raina ta. Wani bincike da aka wallafa a 2009, wanda ya bi marasa lafiya 2,781 a ƙasashe 25, ya samu cewa kusan kashi 18 cikin 100 sun rasu a asibiti, kuma kusan rabi sai da aka yi musu tiyata.

Abin da aka saba gani shi ne tsiro ya cinye ƙyauren da ya sauka a kai har bawul ya fara yoyo, ko ya ɓalle ya bi jini ya toshe wata jijiya a ƙwaƙwalwa. Wanda ba a saba gani ba kuwa haka yake faruwa. Cuta ta kama bawul ɗin awota ta huda shi. Duk lokacin da zuciya ta saki bayan matsawa, jinin da ya riga ya fita sai ya dawo ta hujin nan da ƙarfi, siriri, ɗauke da ƙwayoyin cuta, ya daki bayan ƙyauren gaba na maitral wanda ke ƙasa da shi. Wuri ɗaya yake duka, bugu bayan bugu, kamar yadda ruwan indararo ke zuba a gindin katangar ƙasa har ya yi mata rami. Wurin ya kamu, namansa ya yi laushi. Da zuciya ta matsa, ƙarfin jinin ɗakin ƙasa, wanda ya ninka na ɗakin sama kusan sau goma, sai ya tura lallausan wurin ya kumbura ya zama 'yar jaka mai leƙawa ɗakin sama. Ita ce aniyurizim ɗin bawul ɗin maitral. A cikin waɗanda ake yi wa hoton zuciya ta hanyar abinci, ba a samun ta sai a mutum biyu ko uku cikin dubu. Ranar da jakar ta fashe, jini ya riƙa komawa huhu da yawa lokaci guda, mara lafiya na iya shiga halin mutu-kwakwai-rai-kwakwai cikin sa'o'i kaɗan, huhunsa cike da ruwa.

Ciwo biyu ke nan a wuri biyu. Na farko yana da sauƙin gani, yana da ƙara a kunnen likita, kuma shi kaɗai ya isa ya bayyana zazzaɓi da wahalar numfashin mara lafiya. Mutum na iya ganinsa ya gamsu, ya rufe fayil. Gwanin da nake son bayyanawa shi ne wanda ganin na farko ke sa shi tashi neman na biyu.

Aikin yana farawa tun kafin a kunna wata na'ura. Ana ɗibar jini sau uku daga jijiyoyi dabam-dabam, da tazarar kamar minti 30 a tsakani, a goge fata sosai kowane karo, a zuba mililita 10 a kowace kwalbar renon ƙwayoyin cuta. Duk wannan kafin a ba da ƙwayar magani ko ɗaya. Dalilin sau uku shi ne, ƙwayar da ta fito a kwalba ɗaya tana iya zama dattin fata ne, amma wadda ta fito a duka ukun daga cikin jini take. A nan ne yawancin marasa lafiyarmu ke yin asara. Mai zazzaɓin mako uku ya sha maganin maleriya sau biyu, an ɗirka masa na taifot, kowane kemis ya ba shi nasa kafso. Magungunan ba su kashe cutar ba, sun dai firgita ta yadda ba za ta tsiro a kwalba ba, sai likita ya rasa sunan abokin gabarsa. Akwai kuma wani ƙaramin aiki mai gundura da ake yi kullum safiya: a ɗauki zanen wutar zuciya a takarda, a ƙirga 'yan murabba'an da ke tsakanin motsin ɗakin sama da na ɗakin ƙasa. A lafiyayyen mutum tazarar ba ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na sakan. Igiyar wutar zuciya tana ratsawa ne dab da gindin bawul ɗin awota, saboda haka in tazarar ta ƙaru yau fiye da jiya, alama ce cewa mugunya ta fara taruwa a gindin bawul tana danne igiyar. Wanda bai ajiye takardar jiya ba, ba shi da abin da zai gwada ta yau da ita.

Sai hoto. A 1953, a garin Lund na ƙasar Suwidin, likita Inge Edler da masanin kimiyya Hellmuth Hertz suka fara gwada zuciya da wata na'ura da ma'aikatar ƙera jiragen ruwa ta Malmo ke amfani da ita wajen gano tsaga a cikin ƙarfe. Na'urar tana aika sautin da kunne ba ya ji, ta saurari amsa-kuwwarsa. Wani abin sha'awa, motsin da ya fi fitowa fili a takardunsu, wanda da farko suka ɗauka bangon ɗakin sama ne, daga baya aka tabbatar ƙyauren gaba na maitral ne. Daga nan hoton eko ya samo asali. Wanda aka fi sani ana yin sa ne ta ƙirji, amma haƙarƙari da iskar huhu suna tare sauti, kuma wurin da ake nema yana can baya. Hanyar abinci kuwa tana wucewa ne manne da bayan ɗakin sama na hagu. Wani bincike da Werner Daniel da abokan aikinsa suka wallafa daga Hanoba ta Jamus a 1991 ya nuna bambancin: hoton ƙirji ya gano kashi 28 cikin 100 na aljihunan mugunya, na hanyar abinci ya gano kashi 87.

Ga yadda ake yin na hanyar abinci. Mara lafiya ya yi sa'a 6 bai ci komai ba. An tambaye shi ko haɗiya tana ba shi wahala, an cire haƙoran roba in yana da su, an fesa masa maganin kashe zafi a maƙogwaro, an kwantar da shi a gefen hagu, an sa masa wata roba a baki don kada ya ciji na'urar. Na'urar doguwar tiyo ce mai laushi, tsawonta kamar mita ɗaya, kaurin kanta kamar ɗan yatsa. Likita ba ya tura ta da ƙarfi. Yana kai ta bayan harshe ya tsaya, ya ce, "Haɗiye, Malam, a hankali," sai haɗiyar da kanta ta buɗe hanya. In ya ji tirjiya, baya yake ja. A wajen santimita 30 zuwa 35 daga haƙoran gaba, zuciya ta bayyana a allo. A mariƙin na'urar akwai ƙafafun murɗawa biyu, babba tana lanƙwasa kan gaba da baya, ƙarama hagu da dama, ga kuma maɓallin da ke juya fuskar sautin daga digiri 0 zuwa 180 ba tare da tiyon ya motsa ba. Hannun hagu na kan mariƙi, na dama na kan tiyo a bakin mara lafiya, ido na kan allo. A digiri 0 yana ganin ɗakuna huɗu. Ya juya zuwa wajen 60 ya ga kusurwowin maitral. Da ya kai tsakanin 120 da 140, bawul ɗin awota da labulen da ƙyauren gaba sai su jeru a layi ɗaya, kuma a nan gwani ke zama ya daɗe.

Yana kunna launi. Na'urar tana rina jinin da ke tunkararta ja, wanda ke gudunta shuɗi, mai hargitsi kuma ya fito da launuka a cakuɗe. Ya ga jinin da ke dawowa ta hujin awota, to ina ya nufa? Ya bi shi da ido har inda ya sauka. In akwai wani ƙullutu a wurin, tambaya ta gaba ita ce mene ne shi, domin tsiro da ƙari da ƙyauren da ya saki duk suna iya kama da juna. Sai ya tsayar da hoton ya riƙa matsar da shi fage-fage, yana duba zanen wutar zuciya da ke gudana a ƙasan allo don ya san lokacin matsawa da lokacin saki. Tsiro a cike yake, yana kaɗawa yadda ya ga dama. Jakar aniyurizim kuwa tana kumbura in zuciya ta matsa, ta lotsa in ta saki, kuma launi yana shiga cikinta ta wani ɗan wuya. In ta fashe, jinin da ke komawa baya zai fito ne ta tsakiyar jikin ƙyaure, ba ta bakin da ƙyamaren biyu ke haɗuwa ba. Akwai tarko a nan. In an rage hasken na'ura da yawa, siririn nama yakan ɓace a allo ya yi kama da huji. In an ƙara shi da yawa, sai a ga tsiro inda babu. Don haka gwani ba ya yarda da huji sai ya ga jini na ratsa shi, kuma sai ya gan shi ta fuska biyu. Daga nan ya auna faɗinsa da milimita, ya auna nisansa da bakin ƙyaure, ya ƙirga igiyoyin da suka tsinke, ya leƙa labulen ko ya yi kauri, ya duba ko mugunya ta haƙa ɓarauniyar hanya daga awota zuwa wani ɗakin. In bai ga komai ba alhali zuciyarsa ba ta kwanta ba, bayan kwana 5 zuwa 7 zai sake yi daga farko.

Waɗannan ma'aunai su ne taswirar likitan tiyata. Da can ana ganin ganganci ne a yi ɗinki a naman da cuta ke ci, har sai da Andrew Wallace da abokansa a Jami'ar Duke ta Amurka suka ba da rahoto a 1965 cewa sun cire bawul mai cuta sun sa wani, mara lafiya ya warke. A 2012 wani gwaji da aka yi a birnin Seoul kan mutum 76 masu manyan tsiro ya nuna cewa yin tiyata cikin sa'a 48 ya rage ɓallewar tsiro zuwa sassan jiki ƙwarai. In huhu ya cika da ruwa ba a kwana. Amma ko da ana sauri, in akwai alamar ciwo a kai ana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa tukuna, domin za a tsinka jinin mara lafiya gaba ɗaya, kuma ƙaramin zubar jini a kai zai iya zama babba.

A ɗakin tiyata, an raba ƙashin ƙirji da zarto. Abu na farko da likita ke yi yana ba ni mamaki kullum: tun bai ga ciwon ba, yana yanko faci. Zuciya tana cikin wata jaka ta tantani mai ƙarfi, sai ya yanki wani yanki daga gabanta, ya kankare kitsen, ya jiƙa shi 'yan mintuna a ruwan gulutaraldehaid, ya ɗauraye shi sau da yawa a ruwan gishiri. Alain Carpentier na birnin Paris ne ya shigo da wannan sinadari aikin bawul. Sinadarin yana sa tantanin ya yi tauri daidai yadda zai riƙe zare ba tare da ya naɗe ko ya tsuke ba. Sannan a ba da hefarin don kada jini ya daskare, a dasa bututu, a miƙa aikin zuciya da huhu ga injin da John Gibbon ya fara cin nasara da shi a Filadelfiya a 1953, shekarar da aka fara eko. Har zuwa lokacin da za a matse awota da maɗauri, likita ba ya taɓa zuciyar sai dole, domin girgiza kaɗan na iya ɓalle tsiro ya tafi ƙwaƙwalwa.

Tsayar da zuciya ma akwai dabara. An saba zuba ruwa mai sanyi mai sinadarin fotashiyam a gindin awota, ya bi jijiyoyin da ke ciyar da zuciya, ta kwanta lakwas. To amma a nan bawul ɗin awota a huje yake, ruwan zai zurare cikin ɗakin ƙasa ya kumbura shi, naman zuciya bai samu ba. Sai a bi ta baya, a zuba shi ta jijiyar da ke kwashe jini daga naman zuciya, ko a buɗe awota a zuba kai-tsaye a bakin kowace jijiya. Ana maimaitawa lokaci-lokaci, akwai mai kallon agogo yana faɗa.

Yanzu likita ya buɗe awota, sanye da tabarau mai ƙara girman abu. Ya ɗauke tsiron da hantsaki gaba ɗayansa, ba ya bari ya marmashe. Ya yanke ƙyamaren da suka lalace. Ta ramin da suka bari yana hango bayan ƙyauren gaba na maitral, daidai inda jinin ke duka, wani lokaci ma ta nan zai yi gyaran ba sai ya buɗe ɗakin sama ba. Mataki mafi wuya shi ne yanka. Duk naman da ya yi laushi, ko ya canza launi, ko zare ba zai kama shi ba, sai ya fita, har a ɗan shiga lafiyayye. Zuciyar mutum tana raya masa ya bar kaɗan don hujin kada ya yi girma, amma ɗan abin da aka bari shi ke dawo da cutar bayan wata guda, ɗinkin ya zame. Gwani ba ya tunanin yadda zai rufe sai ya gama cirewa. In ya gama, a wanke wurin, a kwashe kayan aikin da suka taɓa cuta, a canza safar hannu, a kawo sababbi.

Sai a ɗauko facin. Ana yanka shi ya ɗan fi hujin girma, domin in ya zo cif-cif zai janye ƙyauren ya hana shi isa ga ɗan'uwansa. Zaren siriri ne ƙwarai, na roba, silli ɗaya mai santsi, saboda zare mai tufka yana da lunguna da ƙwayoyin cuta ke fakewa. Ɗinkin yana zagayawa da tazara iri ɗaya, kowane sukan allura a lafiyayyen nama, ba a ja har ya tattare, ba a saki har ya bar kafa. A gindin bawul ɗin awota kuma akwai wurin da allura ba ta nitsewa, inda igiyar wutar nan take, wadda ba a ganinta da ido, sai dai a san tana nan. Allura ɗaya da ta zarce na iya sa mutum ya rayu da batirin bugun zuciya har ƙarshen ransa. In an buɗe ɗakin sama, ana gwada aikin tun zuciya na kwance: a cika ɗakin ƙasa da ruwan gishiri, a ga ƙyamaren sun taso sun haɗe baki, a duba ko wani wuri na tsartuwa.

Mai karatu na iya tambaya, me ya sa ba za a cire maitral ɗin a sa na ƙarfe a huta ba? Ya fi sauri kam, wani lokaci ma babu makawa. Amma baƙon abu a wurin da cuta ta taɓa zama yana gayyatar ta dawo, kuma kowane bawul na ƙarfe yana ɗaure mutum da shan warfarin da gwajin jini a kai a kai har abada. Ga matashiyar da ke son haihuwa, ko manomin da ke da tafiyar yini tsakaninsa da ɗakin gwaji, wannan nauyi ne babba. Cibiyar tiyatar zuciya ta Salam, wadda ƙungiyar Emergency ta buɗe kusa da Khartum a 2007 don yi wa mutanen ƙasashen Afirka da dama aiki kyauta, sai da ta kafa sashe guda don bin masu shan wannan magani. Bawul ɗin mutum na kansa da igiyoyinsa kuma yana taimaka wa ɗakin ƙasa riƙe siffarsa da ƙarfinsa. In ɓarnar ta cinye labulen da ke tsakani gaba ɗaya, to sai babban aiki, irin wanda Tirone David na Toronto ya shahara da shi: a cire bawul biyun, a sake gina labulen da rufin ɗakin sama da faci, sannan a dasa sababbi.

An rufe awota, an fitar da iska daga ɗakunan zuciya har ƙwayar kumfa ta ƙarshe da eko ke nunawa, an saki maɗauri. Jini mai ɗumi ya shiga, zuciya ta fara motsi, a rage injin sannu a hankali. Mai eko ya dawo digiri 120 ɗin nan ya kunna launi, yanzu aikin abokinsa yake dubawa. In ya ga jini na ratsa gefen facin, ko ƙyauren ya ƙage, zai faɗa, ko da an shafe sa'a biyar a tsaye kowa ya gaji. Likitan tiyata na ƙwarai zai ce a koma kan inji a sake tsayar da zuciya saboda ɗinki biyu.

Naman da aka cire ba a zubar da shi. Ana raba shi, wani a kai reno, wani a duba a madubin likita, a wasu wuraren a nemi ƙwayar halittar cutar, wadda kan bayyana ko da kafso ya hana ta tsirowa. Allurar jijiya tana ɗaukar mako 4 zuwa 6, ana fara ƙirgawa daga ranar da jini ya fara fitowa babu cuta. In kuwa ƙwayoyin suka tsiro daga naman bawul ɗin, lissafin ya koma farko daga ranar tiyata. Kafin sallama a sake ɗaukar eko a ajiye don gwada na gaba da shi, a haɗa mara lafiya da likitan haƙori, a kuma gaya masa da danginsa cewa duk zazzaɓin da ya zo nan gaba, a ɗebi jini tukuna kafin ya sha komai.